Lazimin Tsohuwar Motata

Duk wanda ya taɓa kwana a layinmu na unguwar Sotega a nan Libreville, bayan gidan mai gasa burodi, ya san muryar motata kafin ya san tawa. Motocin yaran zamani ba ka sanin sun tashi sai ka ga ƙeyarsu. Tawa kuwa in na murɗa makulli da safe sai ta yi tari tukuna, ta yi miƙa, sannan ta kama: ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, daga can saman inji, kamar mai jan carbin ƙarfe. Haka za ta yi ta yi gwargwadon shan kofin shayi mai zafi. Sai ƙarar ta soma ja da baya, ta yi ƙasa, ta ɓace. Daga nan ko Owendo can ƙarshen gari za ka kai ta ka dawo ba ka ƙara ji, sai wata safiyar.

Ni ban yi zurfi a boko ba. An sa ni firamare a Kano, na zauna har na iya rubuta sunana da karanta lambar mota, sai na lura malamin ya soma maimaita kansa, na bar masa makarantarsa. Amma ilimin inji ina da shi, kuma kyauta zan ba ku. Baƙin mai, in mota ta kwana, gangarawa yake ƙasa ya kwanta, kamar yadda jinin tsoho ke taruwa a ƙafa. Da safe ƙananan ƙarafunan sama, masu buɗe bawul da rufe shi, sai su tashi da ƙishi. Kafin man ya hau ya iske su sai su yi ta bugun juna. Wannan bayanin makanikai ke nan. Nawa ya fi nasu gajarta: Tsohuwa lazimi take yi, kuma ba a katse mai lazimi.

Ranar da mai ɗakina ta fara jin wannan fatawa sai da ta ajiye ludayi.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ƙarfe ne fa."

A Libreville duk mai kanti da hula Alhaji ne. Na daɗe da samun sunan kafin in ga cikin jirgin Makka.

Na ce, "Hajiya, akwai abin da ba ya tasbihi?"

Ta ce, "To in haka ne motar ta fi mai ita. Kai naka lazimin rabinsa gyangyaɗi ne."

Na sayi Tsohuwa a hannun wani Bature ma'aikacin katako da zai koma ƙasarsu. Tun a lokacin ba yarinya ba ce. Ni nake yi mata juyen mai da hannuna, abin da ake kira bidanj a nan, bisa karatun da na ɗauko wurin ubangidana na Kano, wanda na yi wa yaron mota ina saurayi. Kullum cewa yake, tsoho ba ya rayuwa da koko, sai tuwo. Tsohon inji sai mai mai kauri. Saboda haka duk sanda na je sayen mai, sai in girgiza galan a kunnena. Wanda ya yi ƙara kamar ruwa in ajiye. Wanda ya yi shiru, ya motsa da ƙyar kamar mai sarauta, shi nake ɗauka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da na sayi motar ita ce shekarar da aka sa babbar 'yata makaranta. Kada ku jira in faɗi sunanta. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, kwaɗo biyu ke nan a bakina. Ƙannenta ina goya su a wuya, ina yi musu doki a tsakar gida, ina kiran sunansu har da na tsokana. Ita kuwa sai "ke", sai "yarinyar nan". In ta shigo ɗaki ina zaune da mutane, sai in ga rediyo na bukatar gyara. Haka muka tarar ana yi, kuma a garinmu ba sai an yi wa yaro bayani ba, yana ganin ana yi wa na maƙwabta.

Amma ita a nan aka haife ta. A ƙofar makarantarsu iyaye maza sunkuyawa suke su sumbaci 'ya'yansu a kumatu, dama da hagu, a gaban jama'a, ko a jikinsu. Wata rana, tana 'yar mitsitsiya da jaka ta fi ta girma, ta tsaya ta dube ni.

"Baba, kai me ya sa ba ka yi mini irin na babanninsu?"

Na ce, "In na sunkuya hulata za ta faɗi."

Ta dubi hular, ta dube ni, ta wuce. Ban san abin da ta tafi da shi a ranta ba.

Abin da ya cece ni lazimin Tsohuwa ne. Da safe sai mu shiga mu biyu, a cikin gida, ƙofar gareji a rufe. In murɗa makulli, ƙas-ƙas ta kama, in naɗe hannu. Ba inda za mu sai ta shafa. Kunya ai a ido take, to a mota idon kowa yana gaba. Ni ina kallon gilashi, ita tana kallon gilashi, babu baƙo, babu suruki, babu wanda zai ce Alhaji ya zubar da girma yana hira da 'yar fari. Sai ka ji magana ta fito da kanta, kamar da gilashin muke.

A nan na ji labarin haƙorinta na farko da ya fita. A nan take rera mini waƙoƙin Faransanci na makaranta, ina gyaɗa kai a wuraren da na ga ya dace, wani lokaci ma ina gyara mata. A nan na koya mata sunayen abubuwan da ba ta taɓa gani ba, irin su rumbu da gwagwa da mangala, tana dariya tana cewa ƙirƙira nake. Da ta zama budurwa, a nan ta ce mini, murya can ƙasa, ba ta son zaman kanti, lissafi take so ta karanta. Na gaya wa gilashi cewa Allah ya sa albarka. Ba na jin da a tsakar gida ne maganar za ta fito daga bakinta, ko amsar daga nawa.

Da zarar an buɗe ƙofa kuwa shi ke nan. A bakin layi akwai masu jira. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙasa mai sayar da dafaffen rogo a ganye, akwai wani tela ɗan Maraɗi. Su ƙarar Tsohuwa ce agogonsu: in ta kama su sa takalmi, in ta yi shiru su fito. Suna shiga hira ta koma kan tsadar kifi da haukan 'yan taksi. Yarinyar nan ta sunkuya kan littafi, daga baya kan waya. Ni kuma na koma Alhaji.

Haka muka yi har ta gama karatu ta sami aiki a wani ofis a Plaine Orety. Ni kantina yana Nombakélé, sai in sauke ta in wuce. Tsohuwa ta ƙara tsufa, lazimi ya ƙara tsawo, kamar yadda yake ga duk mai shekaru.

Abin ya ɓaci ne a ranin nan na Libreville da ba a ganin rana, sama a rufe kamar an kifa faifai, iska mai sanyi tana tasowa daga teku, 'yan gari suna yawo da rigar sanyi kamar an aiko su daga Turai. A irin lokacin Tsohuwa ba ta gaggawa ko kaɗan. Wata safiya muna zaune, ƙas-ƙas ta ƙi ƙarewa, na ji yarinyar nan tana buga yatsa a kan jaka.

"Papa, don Allah mu tafi. Ina da taro."

In ta ce Papa maimakon Baba, to hadari ya haɗo.

Na ce, "Ba ta shafa ba."

"Papa, ni ba 'yar firamare ba ce yanzu. Jiya a gaban kowa madam shugabar ofishinmu ta tambaye ni ko agogon gidanmu na wata ƙasa ne. In ce mata me? In ce motarmu waliyyiya ce?"

"Ki gaya mata gaskiya mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta ce, "Daga yau taksi zan riƙa hawa. Ka huta."

Na ji ƙarar takalminta har bakin titi. Na zauna ni da Tsohuwa. Wallahi ban taɓa sanin ƙarar nan tana da muni ba sai ranar. Ƙarfe ne kawai yake cin ƙarfe.

Kwanaki suka wuce haka. Ta fita tun kafin in gama shayi, ta dawo bayan magariba a gajiye, ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon rediyo. Kujerar gefena sai telan nan ya gaje ta, mutumin da in ya soma labarin zare ba ya tsayawa. Kullum a gida ɗaya muke kwana da ita, amma ji nake kamar ta yi tafiya. In ce mata me? Uba ya tari 'yar fari ya ce zo mu yi hira, na yi kewarki? Harshena ba a yi shi da wannan lanƙwasar ba.

Wata ranar Asabar sai ga ta a kanti, abin da ba ta saba ba. Ta jira na sallami mai sayen sabulu.

"Baba, ɗaya cikin biyu. Ko mu kai motar nan garejin makanike yau a gyara ta, in dawo shiga, ko in ci gaba da taksi. Ni ma na gaji da matsatsi, jiya a kan cinyata wata ta ɗora kwandon kifi."

Na tsaya ina lissafin da ba a koyarwa a makarantarsu. In an gyara, lazimi ya tafi, hira ta bi shi. In ba a gyara ba, har mai hirar ta tafi. Da babu gara ba daɗi. Na rufe kanti.

Makaniken da ta kai ni wurinsa ɗan Garwa ne, Hausarsa da ɗanɗanon Fillanci, bakinsa kuwa ba birki. Ya shiga ƙarƙashin Tsohuwa ya kwance ƙusar mai, ya tara kwano. Muka jira. Man ya leƙo, ya yi shawara, sannan ya soma saukowa a hankali.

"Baba Alhaji, wannan baƙin mai ne ko maɗi?"

Na ce, "Mai ne na manya. Tsoho ba ya rayuwa da koko."

"Wa ya gaya maka?"

"Ubangidana, direban da ya yi shekaru a hanya kafin a haifi babanka."

"Me yake tuƙawa?"

"Babbar mota mai bodin katako."

Ya fito daga ƙarƙashi ya zauna a ƙasa don ya ji daɗin dariya. "To ai shi ya sa! Abincin giwa kake ɗura wa akuya. Wannan kafin ya hau sama da safe ai sai ya yi hutu a hanya. Ramukan da zai bi ƙanana ne, Baba, kamar hancin allura."

Na ce, "Duk shekarun nan ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Amma kullum da safe tana yi maka kuka, kai kuma kana cewa amin."

Yarinyar nan ta juya baya ta dafa bango, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni dai na tsaya a kan bakana, har yau ma ina kai: ubangidana bai yi kuskure ba, motar ce ba ta kai girman karatunsa ba.

Ya wanke cikin injin, ya canza filta, ya cire wasu 'yan ƙarafuna da suka cinye ya sa sababbi, ya zuba wani mai tsararo kamar shayin asibiti. Na kai hannu aljihu, ta riga ni. Wannan ma wani sabon abu ne da ban san inda zan ajiye idona ba.

Ranar Litinin muka shiga. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Tsohuwa ta tashi da wani gurnani mai laushi kamar kyanwar da ta ƙoshi. Na kasa kunne. Babu ƙas ko ɗaya.

"Ka ji ko, Baba? Kamar sabuwa. Mu je."

Hannuna yana kan giya, na rasa hujja. Na ja. Tela da bai ji agogonsa ba ya biyo mu a guje da takalmi ɗaya a hannu, mai rogo tana bayansa tana kwarara mini Faransancin da ba na fatan a fassara mini. Muka isa Plaine Orety maigadin ofis bai ma gama shara ba. Ta ce, "Na gode, Baba." Na ce, "A tashi lafiya." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Washegari ma haka, da wanda ya bi shi. Ga ta dai a gefena kullum, ina jin ƙanshin turarenta, amma daga makulli sai titi, daga titi sai hon da zagin 'yan taksi da labarin zare.

Mai ɗakina ce ta gano, don ita ke kwashe kwanon tuwona. Ita kuwa kunyarta ta ninka tawa, uwa ce. Tun da ta haifi yarinyar nan ba a taɓa jin ta yi mata doguwar magana kai tsaye ba. In tana da saƙo sai ta ba wani abu a ɗakin girki, mai kunne ya ɗauka. Ran nan da yamma ina alwala a bakin famfo, yarinyar tana tsintar shinkafa a kan tabarma, sai na ji Hajiya ta buɗe tukunya tana yi mata magana.

"Ke tukunya, duniya da abin mamaki take. Akwai wani mutum da na sani, shekara da shekaru yana fakewa da ƙarar ƙarfe don ya ji muryar wata. Ba mai mai kauri ne ya dame shi ba, ba tsararo ba. Yanzu an yi masa gwaninta an gyara ƙarfe, ga shi nan tuwo ma rabi yake ci. Amma ni me nawa, ke dai ki tafasa."

Hannun da ke tsintar shinkafa ya tsaya. Ni kuwa na wanke ƙafa ɗaya har sau ban san nawa ba, na yi gyaran murya, na nufi masallaci tun ladan bai taɓa lasifika ba.

Da safe na fito da makulli, na tarar da ita a cikin mota ta riga ni, abin da bai taɓa faruwa ba tun tana firamare. Gari bai gama wayewa ba. Ga fulas a kan cinyarta da kofi biyu. Na shiga. Na murɗa makulli, kyanwa ta yi gurnaninta, na kai hannu kan giya.

"Baba, dakata."

Na dakata.

"Ba ka ji ba? Kamar ta soma lazimi."

Idonta yana kan gilashi. Na karkata kai irin na masana, na runtse ido ɗaya, na saurara da kyau. Injin nan shiru yake kamar masallaci bayan isha'i.

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Can ƙasa-ƙasa. Ai na san aikin ɗan Garwan nan ba zai je ko'ina ba."

"To ba a katse ta."

"Ba a katsewa."

Ta zuba shayi ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba. Muka kurɓa. Can sai ta ce, "Baba, wadda aka sa mini sunanta, yaya take?"

Na gaya wa gilashi. Na ce gajera ce, mai saurin tafiya, ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Na ce ni ma ɗan fari ne, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In zan fita da safe sai ta bi ta gefena kamar za ta ɗauko itace, tana faɗa da kaji, sai na yi nisa in ji aljihuna da ɗumi. Ƙosai ne a ƙunshe, na tsakiyar kasko, waɗanda suka fi kumbura. Ranar da zan bar Kano kuwa ba ta fito rakiya ba, tana ɗaki tana gaya wa tsintsiya cewa a riƙa rufe ƙirji in ana ruwa.

Yarinyar nan ta ce, "Ashe gado ne."

Na ce, "Gado ne. Da hular da ba ta son faɗuwa, duk a nan aka samo su."

Ta yi dariya har shayi ya zube mata a siket, ta ce ashe ban manta ba. Na ce tsoho ai abin da ya faru jiya yake mantawa.

Na tambaye ta, "Ta shafa?"

Ta ɗaga yatsa, ta ɗan ƙara saurarawa, don ita ma ta zama gwana. "Yanzu ta shafa. Mu je, Baba."

Ba ta makara ba ranar, ba ta kuma ƙara makara ba, tunda lazimin yanzu da wuri ake farawa. Tela da mai rogo sun koma dogara da hon. Hajiya kuwa da ta ga kwanona ya dawo a share, sai ta sanar da murhu cewa wasu mutane sai a hankali.

Ni dai na gode wa Allah, kuma ina sa ubangidana a addu'a duk Juma'a. Da ya koya mini mai na daidai, da tuni na yi ta tada mota ina wucewa kamar kowa, da ban san ranar da haƙorin 'yata ya fita ba. Na gode wa tukunyar nan ma, har na hana a sayar da ita ga masu gwangwan ko da ta huje.

Kwanan baya na koma wurin ɗan Garwa bidanj, don yanzu an karɓe aikin daga hannuna, an ce ba a yarda da kunnena a kan galan ba. Yana goge hannu ya ce, "Baba Alhaji, yaya ƙarar nan? Ta ɗauke ko?"

Na ce, "Ta dawo. Kullum da safe."

Ya ɓata fuska, ya ɗauko sifana, ya nufi murfin inji.

Na dafa murfin da tafin hannuna. Na ce, "Zuba manka kawai, ɗana. Wannan ba ta hannunka ba ce."